Karkatacciyar Ƙota

Bindigar da na saya a Kalgo karkatacciya ce, kuma da idona na ga karkatar kafin in biya. Ina faɗin haka tun farko don kada wani ya ce an cuce ni. Ba wanda ya cuce ni. Ni na kai kaina, da hulata da tabarona da shekarun da na shafe ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi.

Birai ne suka jawo. Da na yi ritaya sai na koma noma gadan-gadan a gonar da na gada a hanyar Dalijan, gonar kuwa ta jingina da wani tudu mai duwatsu inda jajayen birai suka kafa gari. Da biri zai ci ya ƙoshi ya tafi, da na yafe masa. Amma a'a. Zai karya goyon masara ya gatsa sau biyu ya yar, ya matsa gaba ya karya wani, har ya share kunya guda kana tsaye kana kallo. Na kafa mutum-mutumi, suka zauna a inuwarsa. Na rataya gwangwanaye. Na yi ihu har muryata ta dushe, na dawo gida ina magana da hannu. Damina biyu a jere abin da na kwaso daga gonar bai taka kara ya karya ba.

Maƙwabcin gonata yana da adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi a danna da sanda, ya kuma ce in nemi irinta wajen maƙera. Na ƙi. Na ce kafin a gama ɗurin biri ya ci ya sha ya yi hamdala. Gaskiyar magana dai girman kai ne: ina ganin tsohon malamin makaranta ya wuce adaka. To a haka wani abokin aikina na da ya ba ni labarin wani dattijo a Kalgo, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda yake da bindigar farauta ta ƙasar waje da lasisinta, yana kuma son rabuwa da ita saboda gwiwoyinsa sun daina kai shi daji.

Na same shi a zaurensa, ɗan gajeren mutum mai faɗin ƙirji, idonsa na dama fari fat. Muka gaisa, muka sha ruwa, muka yi hirar damina, muka sake gaisawa. Sai da na fara muskutawa sannan ya shiga ciki ya fito da ita a naɗe cikin tsohon bargo. Ƙarfenta baƙi siɗik, ba tsatsa ko ɗigo. A gefenta akwai ɗan hannu mai dunƙulen kai, ka ɗaga, ka ja baya, ka tura, ka kwantar, harsashi ya shiga. Shi sakata yake ce masa, kuma da gaske da sakatar ƙofa ya yi kama. Yana ja tana ba da wata ƙara mai daɗi, nan take zuciyata ta tafi.

Sai kuma ƙotar, wato itacen da ake dafawa a kafaɗa. Ja ne, maɗobiya, ya sha hannu har yana ƙyalli. Amma maimakon ya miƙe daga ƙarfen zuwa kafaɗa, sai ya yi kwana a tsakiya kamar lauje. Na tambaya ko faɗuwa ta yi.

"Ba lalacewa tay yi ba, Malam," in ji shi. "Haka anka sassaƙa ta."

Ya ba ni labari. Yana saurayi ƙaya ta tsone masa idon dama a daji, idon ya tafi. Shi kuma ba bahago ba ne, kafaɗarsa ta hagu ta ƙi koyon aiki. Sai wani masassaƙi a Wurogauri ya cire ƙotar da bindigar ta zo da ita, ya sassaƙa masa wata mai kwana, yadda zai dafa a kafaɗar dama amma bakin bindiga ya faɗo daidai idon hagu. Kwana uku ya yi a zaune gaban masassaƙin, ana kara itacen a kumatunsa, a sauke a rage, a sake karawa. Har ɗan kwarmin da kuncinsa yake kwanciya yana nan. Na saurara, na gyaɗa kai, a raina kuwa cewa nake itace ai itace ne, mutum mai ido biyu ba zai kasa abin da mai ido ɗaya ya iya ba.

Muka daidaita, na biya shi cif, aka bi hanyar takardu har lasisi ya dawo da sunana. Ranar da na je ɗauka ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce, "Ga ta nan. Ka riƙe ta da kyau." Na ce in sha Allahu, na naɗe kayana na kama hanyar Gwandu.

Washegari da hantsi na je gona na kafa gwangwani a kan kututture. Na dafa ƙota a kafaɗa, na rufe idon hagu yadda kowa yake yi, sai ga ni ina kallon gefen bindiga da wata bishiya can da ba ruwanta. Na tuna, na ce to idon dama za a rufe. A nan na gano abin da shekara sittin ban sani ba game da kaina: ba na iya rufe idon dama shi kaɗai. In na matsa masa, na hagun ma ya bi shi, in tsaya a tsakiyar gona da bindiga a kafaɗa ina makaho. Na lanƙwasa wuya, na murɗa baki, na harba. Gwangwani bai ko motsa ba. Harsashi kuwa ba a kan tebur ake sayar da shi ba, kowane ɗaya sai an sha wuya kafin a samu.

Dabarar da na yi ita ce ɗaure idon dama da ƙyalle. Ta ɗan yi aiki, don na fara samun kututturen, ko da yake ba gwangwanin ba. Sai dai duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi mini sannu, ya tambayi abin da ya sami ido. Wata mai tallar nono har magani ta kwatanta mini. Birai kuwa da farko suna jin ƙarar su watse. Kafin mako uku sun gane inda harsashina yake sauka, sai su ɗan matsa gefe su ci gaba da aikinsu.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gida. Dattijon Kalgo ne, da sandarsa da 'yar jaka. Mota biyu ya shiga, daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi, daga can zuwa Gwandu, a kan waɗannan gwiwoyin da aka ce ba sa kai shi daji. Na ɗauka wata takarda aka manta. Muka gaisa, ya zauna, ya ce, "Ina take?"

Na ɗauko. Ya zare sakatar, ya ɗaga bakin bindiga wajen haske ya leƙa, ya yi tsaki. Ya fito da farin ƙyalle da man keken ɗinki ya shiga aiki. Ya tambayi inda nake ajiye ta, na nuna masa ƙusar da nake rataye ta a bango. Ya ce kada in sake, danshin bango zai lanƙwasa ƙotar. Ƙotar da tun asali a lanƙwashe take. Na haɗiye maganar da ta zo mini, na ce to, Baba. Ya ci abincin rana, ya yi sallar azahar da mu, ya yabi miyar maiɗakina, ya tafi.

Bayan mako biyu ya dawo. Bayan wasu biyun ma ya dawo. Kowane zuwa da laifin da zai gano: na sa mai ya yi yawa, na sa bai isa ba, na bar ƙura a cikin sakata, na jingine ta a kan bakinta. Wata rana ya shinshina ƙotar ya ce na taɓa ta da hannun da na ci kifi. Da gaske na ci kifin, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni da nake duba aikin wasu da jan biro, ga ni duk mako biyu ina zaune a zaurena hannu a cinya ana duba nawa.

Na kai ƙara wajen maiɗakina. Na ce mutum ya sayar da abu ya karɓi haƙƙinsa, kuma ya biyo abin har gida? Ko akuya ka saya a kasuwa, mai ita ba ya zuwa ya ga ko ta sha dusa. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba, ta tambaye ni abin da ya ce ranar da ya ba ni. Na maimaita mata.

Ta ce, "To kai ka ji yac ce ya sallama? Riƙo yab ba ka, Malam. Wanda yab ba da ɗiya riƙo ai yana zuwa ganin ta."

Ta yi dariyarta. Ni ban ga abin dariya ba, don da na koma na tuna, wallahi bai ce ya sallama ba. Duk cinikin da na taɓa yi a duniya, daga babur har buhun gero, sai mai kaya ya furta kalmar nan. Shi bai furta ba, ni kuma ɗokin sakata ya hana ni lura. Ita kuwa ta riga ta koma ɓangarensa. Ran Asabar ɗinsa miya takan fi nama, har fura take aika a sayo masa daga wajen mai damun da yake so.

Da masara ta fara goyo sai ya ce in kai shi gonar. Na goya shi a babur. Ya zaɓi gindin wata bishiyar kalgo ya zauna, ya ce in zauna in yi shiru, in kuma cire farar hulata. Muka yi kusan awa guda, tururuwa tana hawa ƙafata. Can babban birin, wanda ya fi kowa raina ni, ya sauko daga dutse. Dattijon ya ɗaga bindiga ba gaggawa, kuncinsa ya faɗa cikin kwarmin nan, ya harba sau ɗaya. Shi ke nan. Manoman kusa suka taru suna jinjina masa, ni ina gefe riƙe da sandarsa.

Kwana goma birai ba su leƙo ba. Da suka dawo kuwa, ni kaɗai suka tarar, da ƙyalle a ido.

Daga ranar sunan bindigar ya tashi daga kaina. A gona, a bakin masallaci, a wajen mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Malam, yaushe mai bindiga zai zaka?" Maƙwabcina mai adaka ya fi kowa yi, yana yi yana gyara hula. Wani ma cewa ya yi in dattijon ya zo in turo shi gonarsa, kamar ni ɗan aike ne. Lasisi da sunana, a ɗakina take kwana, ni nake wahalar neman harsashinta, amma duk Gwandu ba mutum ɗaya da ya yarda tawa ce. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ina kwana da shi ina tashi da shi, har masarar ma ta koma baya a raina. So nake kawai bindigar ta zama tawa, in harba ta same, mutane su gani.

Wata Litinin na dawo daga gona bayan na zubar da harsashi biyu a banza, ban ko shiga gida ba na wuce wajen wani kafinta a bakin kasuwa. Na ce ya cire mini wannan laujen ya yi mini ƙota miƙaƙƙiya irin ta kowa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya shafa itacen, ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki. Sannan ya tambaya ko mai ita ya sani.

Na ce, "Ni ne mai ita."

Ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ci gaba da dubawa, ya ce bai ga inda aka ɗaure itacen da ƙarfen ba, ba ƙusa ba noti, in bar masa ita kwana biyu ya yi nazari. Da na bari. Amma tambayar da ya yi ta riga ta hau mini kai. Na ce ba nazari na kawo masa ba, in ba ta fita ya fasa. Ya ce a fasa? Na ce a fasa. Ya sa zarto, ya bi da guduma, itacen ya tsage gida biyu. Sai ga noti biyu a ciki, an toshe kawunansu da 'yan guntayen itace masu launi ɗaya da ƙotar, an goge har ba a gani. Kafintan ya nuna mini su da yatsa. Na ce aikin gama ya gama. Ɓaraguzan ya tura wa mai ƙosai da ke gefen shagonsa, ina tsaye ta cusa su a murhu.

Sabuwar ƙotar da ya yi mini ba ta da kyau. Fara ce, ya shafe ta da fenti mai walƙiya, tana ɗan gurzar kumatu. Amma miƙaƙƙiya ce. Na jefar da ƙyallen ido, na rufe idon hagu kamar ɗan'adam, na harbi gwangwani ya yi sama. A cikin mako na sami biri biyu. Na biyun a gaban maƙwabcina mai adaka aka yi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Na bi ta bakin masallaci da bindigar a kafaɗa, hanyar da ba tawa ba ce.

Maiɗakina ta ga sabuwar ƙotar, ta tambayi inda tsohuwar take. Na gaya mata. Ta dube ni, ta ɗauki butarta ta fita.

Asabar ɗin da ya saba zuwa bai zo ba. Na ce madalla, wataƙila ya gaji. Duk da haka na shirya jawabin da zan yi masa, mai ladabi amma mai kauri, a kan ciniki da abin da ciniki yake nufi. Na maimaita shi a kan babur har na haddace.

Asabar ta gaba ya yi sallama. Ban da sanda da jaka, yana rungume da wani dogon abu a cikin buhu. Ya zauna da kyar, yana haki. Wannan karon bai tambayi bindigar ba. Ya kwance bakin buhun ya zaro ƙota, ja, ta maɗobiya, miƙaƙƙiya sambal, ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Ya ce Wurogauri ya je, shi ya sa ban gan shi ba. Masassaƙin nan ya daɗe da rasuwa, amma ɗansa ya gaji sana'ar, tun farkon damina ya ba shi aikin. Yaron yana da nawa, sau huɗu yana komawa, shi ya sa bai gaya mini ba, kada ya yi alkawari a ji kunya. Ya ce ya ga wuyar da nake sha da ƙyallen nan, abin yana damunsa. Yana magana yana laluben aljihu, ya fito da 'yar sukundireba mai jan hannu.

"Ɗauko ta in musanya ma," in ji shi. "Ƙarhe nis sayar ma, Malam. Iccen nawa in tahi da shi, in aje kusa da ni."

Jawabina kaf ya gudu. Na tashi na shiga ɗaki, na tsaya a gaban bindigar, na rasa ƙaryar da za ta tsaya da ƙafarta. Na ɗauko na kawo. Ya karɓa, ya dubi farar ƙotar tun daga sama har ƙasa. Bai yi tsaki ba. Ya tambayi wanda ya yi aikin, na faɗa. Ya ce ba laifi, yaron ya yi ƙoƙari. Sannan ya ce, "To ina nawa?"

Na gaya masa. Na so in tsaya a kan cewa ya fashe, amma ya ce ko fasasshe ne a kawo, ana ɗaurewa da fata. Dole na ƙarasa, har murhun mai ƙosai. Ya ɗaga hannu ya shafa kuncinsa, ya mayar da sukundirebar aljihu.

"Ba komi, Malam," ya ce. "Taka ta."

Kalmar da nake nema ke nan wata da watanni. Ga ta an ba ni a zaurena, ba gardama, ni kuwa ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Maiɗakina ta aiko da abinci, ya ci loma uku don kada a ce ya ƙi, ya ce yana so ya sami motar Birnin Kebbi kafin rana ta yi zafi. Na kai shi tasha. Na ce ya tafi da ƙotar da ya kawo, ko ɗan masassaƙin zai sami mai so. Ya ce ba ta yi wa kowa sai ni.

Bai sake zuwa Gwandu ba. Ni nakan je Kalgo in gaishe shi, da masara in an yi girbi, yana kuma karɓata hannu biyu.

Ƙotar ta yi wata biyu a ƙarƙashin gado kafin in iya kai ta wajen kafinta. Ya ɗaura bai tambaye ni komai ba. Da na je gona na ɗaga bindigar, itacen ya zauna a kafaɗata ba gyara, yatsana ya faɗa kan kunama daidai, kuncina ya sami ɗan kwarmin da aka yi masa ya kwanta. Ni dogo ne mai dogon wuya, ko riga tela sai ya auna ni sau biyu. Har yau ban san ranar da dattijon ya auna ni ba.